Daga Gafasa zuwa Bahiya: Dukiyar da ba ta hawa takarda

Mutumin ƙasar Gaya ba a koya masa tafiya. A labarin kaka da kakanni, a Gaya maƙera suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya shiga Daura da ita, daga Gaya kuma Abagayawa suka tashi suka nufi gindin Dala neman tama. Mu da muka taso a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, mun buɗi ido mun ga iyayenmu suna fita cin rani da fatauci. Wannan ya nufi Maigatari ranar Alhamis, wancan ya zarce Damagaram, wani ya bi motar shanu har Legas ko Fatakwal, ba mai tambayarsu komai sai kuɗin mota. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, zuwa ta yi ta tarar mutane suna abinsu. Biza a wurinmu ta Makka ce kawai, ita ma hukumar alhazai ke ɗauke wa mutum wahalarta: ka biya kuɗin kujera, ka dangwala yatsa, ka koma gida ka jira kiran jirgi.

Burazil ba ta san wannan ba. Abin da ya kai ni can shanu ne. Akwai wani gari mai suna Uberaba a jihar Minas Gerais, inda ƙungiyar masu kiwon shanu masu tozo ke yin baje koli duk shekara, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, suna ce masa ExpoZebu. Ni aikina duba lafiyar dabbobi, kuma wani makiyayi na can da muka daɗe muna musayar saƙo ya aiko da gayyata a farkon 2025, ya ce in ina da wanda zan zo da shi, ƙofa a buɗe take. Nan take na tuna ƙanen mahaifina, wanda duk gidanmu ke kira Baba Alhaji. Turke yake yi, ya sayi bijimai ramammu ya ciyar da su harawa da dusa da ƙuli har su tumbatsa, kuma Juma'a ba ta wuce shi a karar Wudil. Ya ga hoton wani farin sa a wayata, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗan nan, in ba ƙarya na'urar nan ke yi ba, wannan sai na taɓa tozonsa da hannuna."

Ɗan Najeriya mai koren fasfo ba ya shiga Burazil sai da biza, kuma sai ya karɓe ta tun daga gida, ba a bayarwa a filin jirgi. Wuri biyu ake nema: ofishin jakadancinsu da ke Abuja, ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Tun da suka yi sabuwar dokar shige da fice a 2017, wadda ta maye gurbin ta zamanin soja ta 1980, sun haɗe yawon buɗe ido da halartar taro da zuwa duba kasuwa a ƙarƙashin biza guda, ta ziyara. Tana ba ka zama har kwana 90, amma ba ta halatta maka aikin albashi ba. Kana fara cike fom a intanet, ka ɗora hoto da takardu, ka buga rasit ɗin da zai fito, ka sa hannu, sannan ka kai da fasfonka. Za su so ganin tikitin zuwa da dawowa, da inda za ka sauka, da takardar gayyata idan wani ne ya kira ka, wadda shi mai gayyatar zai kai ofishin tabbatar da sa hannu a garinsu a buga mata hatimi. Katin rigakafin shawara kuwa, wanda matafiya ke ce wa yalo kad, ba a fita Najeriya ta jirgin sama ba tare da shi ba. Sauƙinsa ɗaya, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Duk waɗannan zirga-zirga ce kawai da kuɗin mota. Inda gizo ke saƙa shi ne takardu biyu: shaidar sana'a, da bayanin asusun banki na watannin baya. Da su jami'i ke auna ko kana da abin ci da kanka a ƙasarsu, da kuma ko kana da abin da zai jawo ka gida. Abin dai kamar binciken neman aure ne, sai dai a nan ba a aika kowa unguwarku ya tambayi maƙwabta. Abin da takarda ta faɗa shi ne asalinka.

Ni ma'aikaci ne. Albashina bai taka kara ya karya ba, amma yana faɗowa duk ƙarshen wata, a layi ɗaya, kuma shugabana ya rubuta cewa an ba ni hutu, zan dawo bakin aiki. Baba Alhaji kuwa, wanda zai iya sayen motata da kuɗin bijimi biyu, da muka karɓo bayanin asusunsa sai ga shafi guda bai ma cika ba. Lokacin watan azumi ne, babbar Sallah na tafe a farkon Yuni, duk abin da ya mallaka yana ɗaure a turke yana cin harawa. Cinikinsa na hannu da hannu ne, a taya a ƙirga a zuba a aljihun 'yar ciki. Gonakinsa gado ne, shaidarsu mai unguwa da dagaci da bishiyoyin kan iyaka. Gero da dawa suna rumbu. Bashin da yake bin mahauta a Gaya da Wudil yana cikin kansa, bai taɓa ɓatar da ko sisi ba. Yana da mata da 'ya'ya da jikoki da ba sa ƙirguwa a zama ɗaya, ga shi ladanin masallacin unguwa. In akwai mutumin da ba zai taɓa maƙalewa a ƙasar wasu ba, to shi ne. Amma cikin duk abin nan ba wanda ke hawa takarda. Hatta ranar haihuwa sai da aka yi lissafi tun lokacin yin fasfo, don abin da ya sani shi ne an haife shi shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956.

A Kano wani dillalin biza ya ji labari ya same mu. Saurayi ne fes, da jakar kwamfuta da turare mai ƙarfi. Ya ce abin ba wuya, zai zuba wa Baba miliyoyi a asusu su kwana biyu, a buga takarda, a mayar masa da kuɗinsa da ɗan la'ada. Shaidar kamfani ma akwai. Baba ya saurare shi har ya gama.

"Yaro, kuɗin nan naka ne ko nawa?"

"Nawa ne, Baba, aro ne kawai."

"To in suka tambaye ni, in ce nawa ne? Da azumi a bakina?"

Saurayin ya juyo gare ni, wai in fahimtar da tsoho. Ba ni da abin da zan ƙara. Ko an ajiye maganar halal da haram, jami'in da ya saba duba irin waɗannan takardu ya san kuɗin da ya yi tsalle ya faɗo asusu ana gobe neman biza. Hanyar gaskiya ɗaya ce ta rage, a sayar da bijimai tun ba su kai ba, a zuba kuɗin a banki. Baba ya ce bai ga sa a duniya da zai sa ya karyar da nasa kafin Sallah ba. Haka na tafi Abuja ni kaɗai.

Ba na zargin jami'in biza. Yana zaune bayan gilashi, bai san Gafasa ba, ba shi da hanyar sanin mai turke daga mai neman tsere, kuma masu neman tseren suna da yawa. Ƙasar Ikwado, maƙwabciyar Kolombiya, ta taɓa gwada buɗe ƙofa. A 2008 shugabanta Rafael Correa ya soke biza ga duk mutanen duniya, kowa ya zo ya yi kwana 90. Shekara biyu aka yi, a Satumban 2010 suka dawo da ita kan ƙasashe tara, Najeriya na ciki tare da Habasha da Eritiriya da Kenya da Somaliya da Afganistan da Pakistan da Bangaladash da Nepal, saboda an mai da ƙasar mashigar masu nufar Amurka ta ƙasa. Laifin wasu ya hau kan kowa. Abin da nake cewa kawai shi ne ma'aunin ya fi gane ɗan albashi, alhali a ƙasarmu masu abin hannu na gaske yawancinsu ba ɗan albashi a cikinsu.

Bizata ta fito ba da wata matsala ba. Tafiyar kanta kuwa abin dariya ce ga wanda ya san taswira. Burazil yamma take da mu, teku ɗaya ne tsakani, amma daga filin jirgin Malam Aminu Kano gabas muka nufa, zuwa Adis Ababa, sannan wani jirgin ya sake ratso Afirka ya haye Atilantika, wajen awa goma sha biyu a sama, kafin ya sauke mu a Sawo Pawulo. Dattawan matafiya sun san lokacin da jirgin Varig na Burazil ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Riyo. Ya daɗe da dainawa.

A filin jirgin Guarulhos na Sawo Pawulo 'yan sandan tarayya ne ke buga hatimi. Layin baƙi ya yi tsawo, na samu damar kallon fasfo iri-iri. 'Yan Ajantina da Urugwai da Paragwai ko fasfo ba sa fitarwa, katin ɗan ƙasa ya ishe su, domin su ma suna da ƙungiyarsu ta maƙwabta, Mercosur. Turawan Faransa da Jamus da Ingila fasfo kawai. Gabana kuwa wani Ba'amurke ne da matarsa, suna riƙe da takardar biza da suka bugo daga kwamfuta, suna ta juya ta. A nan na ji wani daɗi da ba zan ɓoye ba. Burazil tana da tsohuwar ƙa'ida ta ramuwa: yadda ka yi wa ɗanta haka za ta yi wa naka. A 2004, da Amurka ta fara ɗaukar hoton yatsun baƙi, wani alƙalin Burazil ya ba da umarnin a riƙa ɗaukar na Amurkawa su ma. A 2019 Shugaba Bolsonaro ya yafe wa Amurka da Kanada da Ostareliya da Japan biza ba tare da sun rama alherin ba. Da Lula ya dawo mulki ya ce ba ta saɓuwa. Japan ta zauna aka daidaita, kowa ya yafe wa kowa. Sauran ukun kuwa daga 10 ga Afrilun 2025 sai da biza. Tasu ta intanet ce, dala 80.90, ba sa zuwa ko'ina su yi layi, kuma ba ta kai rabin dala 185 da ɗan Burazil ke biya don neman ta Amurka ba. Duk da haka ƙa'idar ta tsaya da ƙafarta. Da layi ya zo kaina jami'ar ta duba biza, ta tambayi ranar komawata, na nuna tikiti, ta buga.

Uberaba ba zan daɗe a kanta ba, don labarinta na masu sana'a ne. Shanun Burazil sun haura miliyan 200, mafi yawansu masu tozo ne, asalinsu daga Indiya aka riƙa shigo da su tun ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa 1962. Nelore fari tas, Gir mai jajayen ɗigo da kunnuwa a lanƙwashe, Guzera mai ƙaho irin na rahajinmu. Kowace saniya da takardar asalinta har kakanni, da nauyinta na kowane wata. Akwai wata mai suna Viatina-19 da aka yi wa ƙima sama da dala miliyan 4. Bunajinmu da bokolonmu ba su gaza waɗannan a jini ba. Rubutu aka fi mu. Shanunsu ma suna da abin da Baba Alhaji ya rasa.

Da aka tashi daga baje kolin sai na hau jirgin cikin gida zuwa Salbado, babban birnin jihar Bahiya, domin Bahaushe ba zai je Burazil ya dawo bai taka nan ba. Gari ne hawa biyu, na tudu da na bakin ruwa, da wani lif mai tsawon mita 72 da ke haɗa su tun 1873. Ko'ina ka duba fuskokin gida ne. A bakin wani dandali na tsaya wurin wata mata sanye da fararen kaya, siket mai faɗi da ɗaurin ɗankwali, tana suya a kasko. Farin wake ne aka surfe aka niƙa da albasa, ta buga shi da muciya, ta ɗiba da cokali ta saka a manja mai tafasa. Ƙosai ne, ba ko tantama, sai dai ya yi girman dunƙulen hannu, kuma in ya soyu sai ta tsaga shi ta cusa wani kwaɓi mai kauri da jatan lande da yaji. Ta ɗaga cokalin yajin tana tambayata da ido, na gyaɗa kai, ta ƙara, ta yi dariya.

Mutanen da suka kawo waken nan da suyarsa ba wanda ya tambaye su bayanin asusu. Burazil ta karɓi bayi daga Afirka sama da miliyan huɗu, fiye da kowace ƙasa, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, a 1888. Hausawa sun fi yawaita a Bahiya bayan 1804, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka cika kasuwanni da kamammu. Ɓangarorin biyu duka sun kama sun sayar, aka gangara da su kudu har Ikko da Badagiri da Wida. Wannan ɓangaren labarin namu ne, ba na Turawa kaɗai ba. A 1807 aka bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salbado, an ce har da niyyar ƙwace jiragen ruwa su koma gida. A 1809 suka tashi, a 1814 suka sake tashi daga wuraren kamun kifi na Itapuwa. Babban tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a goman ƙarshe na Ramadan, wanda Musulmi suka shirya. Yawancinsu a wannan karon Yarabawa ne, amma cikin malaman da aka kama akwai Bahaushe, wani 'yantacce mai sayar da taba da ake kira Dandara. Kimanin mutum 600 suka fito da fararen riguna da layu, aka yi artabu a titunan gari har zuwa Agua de Meninos, inda sojan doki suka murƙushe su. Wajen 70 suka mutu, aka harbe huɗu a watan Mayu.

Ranar Juma'a na yi salla a cibiyar Musulunci da ke unguwar Nazare, limaminta ɗan Najeriya ne. Bayan an idar wani ɗalibi ya nuna min hotunan takardun da 'yan sanda suka cire daga jikin mutanen 1835, waɗanda ke ajiye a gidan adana tarihi na jihar. Ban buƙaci mai fassara ba. Rubutun allo ne irin na tsangayunmu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, bisimilla da gajerun surori, wani hannun ya ƙware wani kuma na ƙolo ne da bai gama iya riƙe alƙalami ba. Wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da irin waɗannan bayi ya rubuta abin da suka gaya masa a littafin da ya fitar a 1851. Mutanen Kano ne da Katsina da Zazzau da Barno, suna lissafa masa garuruwa zango-zango.

Bayan tawayen ne takarda ta shiga tsakaninmu da ƙasar nan. Ranar 13 ga Mayun 1835 majalisar Bahiya ta yi dokar da ta ɗora wa 'yantaccen ɗan Afirka harajin shekara-shekara, ta hana shi mallakar gida ko fili, ta ba hukuma ikon korar duk wanda ta zarga. Ɗaruruwa aka loda a jirgi, wasu ɗaruruwan suka nemi fasfo da kansu suka fice. Su ne Aguda na Legas, masu unguwar Popo Aguda, waɗanda magininsu ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Su ne kuma Tabom na Ankara ta ƙasar Gana. Sannan a 1890, shekara biyu kacal bayan soke bauta, sabuwar jamhuriya ta fitar da doka mai lamba 528: ƙofa a buɗe take ga duk mai lafiyar aiki, ban da 'yan asalin Afirka da Asiya, su sai majalisa ta amince. Ƙasar da ta yi shekara ɗari uku tana jido baƙar fata da ƙarfi, ranar da ya zama mai zuwa da ƙafarsa sai ta nemi izini a hannunsa. An daɗe da soke wannan doka, kuma ta 2017 tana cikin masu sassauci a duniya. Amma wanda ya karanta ta 1890 ba zai ƙara kallon fom ɗin biza da ido ɗaya ba.

Da na dawo gida, samarin majalisarmu ba shanu suka tambaye ni ba. Wani ƙanena ya matso ya rage murya: "Yaya, in mutum ya sauka can, mota nawa ce zuwa Amurka?" Na gaya masa abin da ke tsakani: ƙasashe jere, kowace da shingenta, sannan dajin Dariyen tsakanin Kolombiya da Panama, inda ba titi ko na keke, wanda mutum sama da 500,000 suka keta da ƙafa a 2023, ba duka suka fita ba. Dabarar sayen tikitin wucewa a maƙale a Guarulhos a nemi mafaka ma Burazil ta toshe ta tun Agustan 2024. Na tuna masa 'yan Najeriya huɗun nan da suka ɓuya a saman abin juya jirgin ruwa daga Legas a 2023, suna zaton Turai za su, suka yi kwana 14 a kan teku, 'yan sanda suka tsamo su a tashar Bitoriya ta Burazil. Biyu a cikinsu da kansu suka ce a mai da su gida. Ya ce shi tambaya kawai ya yi.

A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya je Burazil, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jiragen sama, da maganar Air Peace zai riƙa tashi daga Legas zuwa Sawo Pawulo. In ta tabbata an huta da zagayen Habasha, amma Abuja da takardunta suna nan.

Baba Alhaji ya sayar da bijimansa ana saura kwanaki Sallah, ciniki ya yi kyau. Abin da ya canza shi ne yadda yake karɓar kuɗi. Yanzu a karar Wudil in an yi sallama, mai saye ya zura hannu a aljihu, sai Baba ya ɗaga masa hannu ya kira jikansa mai waya. Mahauta har sun sa masa suna Alhaji Taransifa. Ya je sakatariyar Ajingi neman yadda ake yi wa gona takarda, ya kuma shiga ƙungiyar dillalan shanu don ya sami kati mai hoto. Ya sa na rubuta wa mutumin Uberaba cewa a ajiye masa gayyatarsa, kuma a tambaya ko suna sayar da ɗan maraƙi.